Raɗe-raɗin ƙawancen kamfanonin fasaha da makomar talabijin a gidajenmu

Da wuya wata ya kama ya mutu ba a ji ƙishin-ƙishin cewa wani babban kamfanin fasaha yana ganawar sirri da wani ba, a kan yadda za su haɗa hannu su riƙa kai finafinai da wasanni cikin ɗakunan mutane ta intanet. Yau a ce mai ƙera akwatin talabijin ne yake zawarcin mai finafinai, gobe a ce kamfanin waya ne zai saye mai manhaja, kuma kusan kullum labarin yana fitowa ne daga bakin wata majiya da ta nemi a sakaya sunanta. Kafin ya iso Garwa ko Marwa ko Njamena ya riga ya bi ta Turanci, ya ratsa Faransanci, ya faɗo zaurukan WhatsApp, inda ake ta ƙara masa gishiri har ya koma cewa daga wata mai kamawa kallon ƙwallo ya zama kyauta. Yawancinmu muna ɗaukar irin wannan labari a matsayin hirar masu kuɗi da ba ta shafe mu ba. A ganina ta shafe mu ƙwarai, domin abin da ake ciniki a kansa a waɗannan ganawa shi ne ƙofar da fim zai bi ya shigo ɗaki, kuma wanda ya riƙe ƙofar shi zai yanke abin da za mu gani, da harshen da za mu ji shi, da kuɗin da za mu biya.

Kafin hoto ya bayyana a fuskar talabijin ta intanet sai ya ratsa hannaye da dama. Akwai mai haƙƙin mallakar fim ɗin ko gasar, kamar Disney ko hukumar gasar Firimiya ta Ingila. Akwai dandalin da ya sayi izinin nunawa ya tara a rumbunsa, irin su Netflix da YouTube da Prime Video na Amazon. Akwai wanda ya ƙera akwatin tare da babbar manhajar da ke tafiyar da shi: Samsung yana da Tizen, LG yana da webOS, Hisense yana da VIDAA, Sony kuwa da yawancin akwatunan TCL da manhajar Google suke aiki. Daga nan sai kamfanin sadarwar da wayarsa ko eriyarsa ke ɗauko bayanan, sannan wanda ke karɓar kuɗi daga hannun mai kallo. Babu kamfanin da ya mallaki waɗannan matakai duka a kowace ƙasa, shi ya sa kowannensu yake buƙatar ɗan'uwansa, kuma shi ya sa kowannensu yake tsoron ɗan'uwan nasa. Wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar shanu ta Adumri ya san cewa dillalin da ke tsakanin mai sa da mai saye, wanda ya san mai kaya ya kuma san mai kuɗi, la'adarsa tana nan ko farashi ya hau ko ya sauka. Wannan matsayi na tsakiya shi ne kowane kamfani yake nema, kuma duk wani ƙawance da aka ji labarinsa ƙoƙari ne na samunsa ko na hana wani samu.

Ba sai an je nesa ba kafin a ga alamar haka. Ka ɗauki rimot ɗin sabon akwatin talabijin a kowane shagon kayan lantarki na babbar kasuwar Marwa, ka duba ƙasan maɓallan ƙara murya. Za ka ga maɓalli ɗauke da sunan Netflix da jan rubutu, wani da sunan YouTube, wani da Prime Video. Tun 2011 Netflix ya fara shirya wa da masu ƙera akwatuna a sa masa nasa maɓallin, sauran kuma suka biyo baya. Wannan ɗan wuri da bai kai faɗin farce ba sai an zauna an yi ciniki a kansa, haka ma jerin manhajojin da ke fitowa a shafin farko da zarar an kunna akwatin. Kamfanonin sun san cewa mutumin da ya dawo gida a gajiye abin da ya fara gani shi zai danna.

Shi kansa raɗe-raɗin yana da masu shi. Ruwa ba ya tsami banza, amma ba kowane labarin ganawa ne yake nufin an kusa sa hannu ba. Wani lokaci kamfani ne da kansa yake sakin labarin don ya tsorata wani na uku da suke ciniki da shi, wani lokaci masu shiga tsakani ne daga bankuna suke son farashi ya ɗaga, wani lokacin kuma ana gwada masu hannun jari ne a ga yadda za su karɓi abin. A Afrilun 2022 Netflix ya sanar da cewa ya yi asarar masu biya 200,000 a cikin wata uku, kuma zai fara tunanin sa talla. Cikin Yuni sai labari ya bazu cewa zai saye Roku, kamfanin da ke ƙera ƙananan na'urorin kallo a Amurka, nan take darajar hannun jarin Roku ta yi tsalle. Ba a yi cinikin ba har yau. Wanda ya san tarihin kamfanonin biyu ba zai yi mamaki ba, domin na'urar Roku ta farko, wadda ta fito a 2008, a cikin Netflix aka fara aikinta, sai shugabannin kamfanin suka ga cewa muddin suka zama masu sayar da na'ura to sauran masu ƙera na'urori za su ɗauke su kishiya su rufe musu ƙofa, don haka suka saki aikin. A daidai wannan lokaci na 2022 jaridu suna ta cewa Google ko Comcast, babban kamfanin talabijin da intanet na Amurka, shi ne zai riƙe wa Netflix harkar talla, sai ga shi a Yuli an sanar da Microsoft. Kafin shekara biyu ta cika kuma Netflix ya ce zai gina nasa tsarin tallar da kansa.

Akwai kuma raɗe-raɗin da ya tabbata amma bai haifar da ɗa mai ido ba, kuma wannan ya fi koyar da darasi. A Maris na 2010 jaridar New York Times ta ba da labarin cewa Google da Intel da Sony suna shirin haɗa intanet da talabijin. Cikin Mayu aka tabbatar da haka da sunan Google TV, tare da Logitech a matsayin mai ƙera na'urar. Manyan kamfanoni huɗu, kowanne gwani a fagensa. Amma da na'urar ta shiga kasuwa a ƙarshen shekarar a kan dalar Amurka 299, sai manyan gidajen talabijin na Amurka, wato ABC da CBS da NBC, suka toshe shirye-shiryensu daga gare ta, saboda ba a nemi yardarsu ba kuma suna ganin za a raba su da kuɗin talla. Mutane suka sayi na'ura mai tsada suka tarar babu abin da suke son kallo a ciki. Logitech ya karya farashin zuwa 99, ya tafka asara, ya janye. Sai da Google ya sake lale, ya fito da ƙaramar na'urar kallo ta Chromecast a 2013 a kan dalar Amurka 35, sannan manhajar Android TV a 2014, kafin ya samu gindin zama. Intel ma ya sake gwadawa shi kaɗai da wani shiri mai suna OnCue, shi ma rashin izinin masu shirye-shirye ya sa ya sayar wa kamfanin sadarwa na Verizon a farkon 2014.

Na Apple ya fi kowanne daɗewa. Tun daga 2011 ake cewa kamfanin zai ƙera akwatin talabijin nasa, a 2014 kuma jaridar Wall Street Journal ta ce yana tattaunawa da Comcast don a ware wa bidiyonsa hanya ta musamman a layukan intanet na Comcast ɗin. Ba a ga akwatin ba, ba a ga hanyar ba. Abin da ya faru shi ne wanda kusan babu mai hasashensa: a Janairun 2019 aka sanar da cewa finafinan Apple za su shiga akwatunan Samsung, kamfanin da suka shafe shekaru bakwai suna shari'a da shi a kan wayoyin hannu. Apple yana shirin buɗe dandalinsa na Apple TV+ a ƙarshen shekarar, yana buƙatar fuskokin talabijin masu yawa, Samsung kuwa ya fi kowa sayar da su a duniya. Buƙata ce ta haɗa su. Saboda haka idan aka ji labarin wani ƙawance, girman sunayen da ke ciki ba ya nuna komai. Tambayar da ta fi amfani ita ce mene ne kowannensu ya rasa wanda ɗayan yake da shi, kuma shin mai haƙƙin abin da za a kalla yana cikin zaman.

Ƙawancen ma idan an ƙulla shi ba ya hana rigima, kuma mai kallo ne yake kwana a ciki. A farkon 2018 Google ya cire YouTube daga na'urorin Fire TV na Amazon, saboda Amazon ya ƙi sayar da wasu kayan Google a kasuwarsa, sai a Yulin 2019 manhajar ta dawo. A 2021 irin wannan saɓani ya shiga tsakanin Google da Roku na tsawon watanni. Mutumin da ya biya kuɗinsa ya sayi na'ura ya wayi gari abin da ya saye ta dominsa ya ɓace, ba tare da an yi shawara da shi ba. Sannan akwai ribar da ba a cika faɗa wa mai saye ba. Akwatin talabijin mai intanet yana iya gane abin da ake kallo a kansa ya aika wa kamfani. A 2017 hukumomin Amurka sun sa Vizio, wani mai ƙera akwatunan talabijin, biyan dalar Amurka miliyan 2.2 saboda tattara irin waɗannan bayanai daga akwatuna miliyan 11 ba da sanin masu su ba, kuma a 2024 Walmart, wanda sana'arsa sayar da kayan masarufi ce, ya sayi Vizio ɗin a kan dalar Amurka biliyan 2.3. Sanin abin da iyali suke kallo, da damar nuna musu talla, su ne suka kai wannan kuɗi.

Dalilin da ya sa wannan kokawa ta yi zafi a can a bayyane yake. Kamfanin Nielsen mai auna masu kallo ya nuna cewa a Mayun 2025 kallo ta intanet ya kai kashi 44.8 cikin ɗari na duk lokacin da Amurkawa suke ɓatawa a gaban talabijin, karo na farko da ya zarce tashoshin iska da na waya a haɗe. Amma wannan lissafi an gina shi ne a kan gida mai wutar lantarki dare da rana, mai intanet da ba a ƙidaya masa mega, mai katin banki. Da zarar an ɗauko shi an kawo shi arewacin Kamaru ko Chadi, sai a ga cewa kowane ɗaya daga cikin ukun nan shi kansa matsala ce.

A fara da yadda abin yake aiki. Tauraron ɗan'adam sigina ɗaya yake watsowa, ko gida goma ne suka kafa faranti ko gida miliyan, nauyin bai ƙaru ba. Kallo ta intanet kuwa kowane gida nasa kwafin ake aiko masa daban, don haka yawan masu kallo yawan nauyi ne a kan waya. Netflix da kansa yana cewa kallon awa ɗaya yana cin kusan giga 1 a hoto na matsakaici, har giga 3 a hoto mai kyau, har giga 7 a mafi kyawu. Gidan da ke kallon awa biyu kowane dare a hoto mai kyau zai iya cinye giga 180 a wata, ko giga 60 idan ya haƙura da matsakaici. Duk wanda yake sayen data da kuɗin guminsa a wurin MTN ko Orange ko Camtel, ko Airtel da Moov Africa a Chadi, ba sai an yi masa bayanin abin da wannan adadi yake nufi ba. Shi ya sa a gidaje da yawa za ka ga akwati mai intanet, sabo fil, amma dekoda ce a jone da shi. Ranar da aka so kallon wani abu a YouTube sai babban ɗan gidan ya buɗe intanet ɗin wayarsa ya jingina ta a jikin taga inda sigina ya fi ƙarfi, a rage kyawun hoton har fuskokin 'yan wasa su dushe, kuma idan da'irar nan ta fara juyawa a tsakiyar fuska sai ka ji mahaifiyar gida tana cewa, "Kai Babangida, mayar mana da tasha, kada ka ƙarar da kuɗinka a banza."

Ita kanta hanyar da bayanan ke bi doguwa ce. Wayoyin ƙarƙashin teku suna sauka ne a gaɓar kudu: SAT-3 a Duwala, WACS a Limbe, sai na Kribi, ciki har da SAIL da ta haɗa Kamaru da Fortaleza ta Brazil a 2018. Daga can sai wayar fayiba ta ƙasa, wadda Camtel ke riƙe da ita, ta hauro ta Ngaundere da Garwa da Marwa har Kuseri, tafiyar fiye da kilomita 1,500, sannan ta tsallaka Njamena. Chadi ba ta da teku, ta dogara ne a kan wannan hanya da kuma ta Sudan, wadda yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya raunana. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu suka lalace a tekun Afirka ta Yamma, Kamaru na cikin ƙasashen da suka ji a jikinsu, a Oktoban shekarar kuma katsewar waya a ɓangaren Kamaru ta bar Chadi babu intanet na sa'o'i masu yawa. Manyan dandamali suna rage irin wannan wahala ne ta hanyar ajiye rumbunan bidiyonsu a cikin cibiyoyin kamfanonin sadarwa, kusa da masu kallo, kamar yadda Netflix yake yi tun 2012 da shirinsa na Open Connect. Wannan ma ƙawance ne, irin wanda ba ya shiga kanun labarai, amma rumbu ɗaya da za a ajiye a Garwa ko Njamena ya fi amfanar mai kallo a nan fiye da duk wata ganawa tsakanin Apple da wani a Kalifoniya. Batun wa zai biya kuɗin hanyar ma tsohuwar rigima ce, domin a Fabrairun 2014 sai da Netflix ya yarda ya biya Comcast kafin bidiyonsa ya daina tsaitsayawa a gidajen abokan cinikin kamfanin.

Wutar lantarki ba ta buƙatar dogon bayani. Yankunan arewacin Kamaru uku sun daɗe suna dogara a kan madatsar ruwa ta Lagdo mai ƙarfin megawat 72, wadda ƙarfinta ke raguwa idan ruwan Binuwai ya ja baya, duk da ƙarin megawat 30 da tashoshin hasken rana na Marwa da Gider suka kawo. A Chadi kusan mutum ɗaya cikin goma ne yake da wuta. Sai kuma biyan kuɗi, wanda shi ne ya fi kowanne tasiri a kan irin ƙawancen da za mu gani. Netflix ya buɗe a ƙasashenmu tun Janairun 2016, lokacin da ya faɗaɗa zuwa ƙarin ƙasashe 130 a rana ɗaya, amma ya zo yana neman katin banki a wurin mutanen da kuɗinsu yake cikin Orange Money da MoMo da Airtel Money.

Wannan giɓi ne ya haifar da yarjejeniyar da ta fi kowace kusa da mu. A Yunin 2025 Canal+ da Netflix suka sanar da cewa za a sa Netflix a cikin ƙunshin Canal+ a ƙasashe 24 na Afirka kudu da Sahara, abin da suka fara yi a Faransa tun 2019. Idan aka auna ta da tambayar da muka yi a baya, za a ga dalilinta sarai. Netflix yana da finafinai amma ba shi da shago a Marwa, ba shi da mai karɓar kuɗi a Mundu ko Abeche. Canal+ yana da shagunan, yana da masu kafa faranti, yana da hanyar karɓar sefa ta waya, yana da ƙwallon Turai, abin da ya rasa shi ne abin da zai riƙe matasan da suka fara komawa kan wayoyinsu. Kowanne ya cike wa ɗan'uwansa. Sai dai finafinan Netflix ba ta faranti suke saukowa ba, har yanzu sai da intanet, don haka an warware matsalar biya an bar ta data a inda take.

Wata uku bayan haka Canal+ ya kammala karɓe ragamar MultiChoice na Afirka ta Kudu, mai DStv da GOtv da SuperSport. Wannan shi ne raɗe-raɗin da ya tabbata a hankali a gaban idon kowa: tun 2020 Canal+ yake tsintar hannun jarin kamfanin kaɗan-kaɗan, a Fabrairun 2024 ya taya rand 105, kuɗin Afirka ta Kudu, a kan kowane hannu aka ce albarka, ya ƙara zuwa 125, a Satumban 2025 ciniki ya faɗa. Yanzu rukuni ɗaya ne yake da masu biya fiye da miliyan 40 a ƙasashe kusan 70, kuma shi ne babba a ɓangaren Afirka mai Faransanci da mai Turanci baki ɗaya. A nan damuwata take. Ba na musun amfanin abin, domin kamfani mai wannan girma yana iya zama da Netflix ko Amazon ya yi ciniki ido da ido, yana kuma iya zuba kuɗi a shirye-shiryen Afirka. Amma a da mai kallo a kan iyaka, a Kuseri ko Mora ko Fotokol, yana da zaɓi tsakanin dekodar wannan ɓangare da ta wancan, kuma masu sayar da haƙƙin ƙwallo suna da masu taya biyu manya. Idan mai faranti da mai ƙwallo da mai karɓar kuɗi da mai buɗe wa Netflix ƙofa duk suka zama mutum ɗaya, ranar da ya ƙara farashi babu inda za a je, in ban da StarTimes na China, ko ƙananan masu tasowa irin New World TV na Togo, wanda ya ba mutane mamaki da ya samu haƙƙin nuna gasar cin kofin duniya ta 2022 a ƙasashen Afirka masu Faransanci.

Kamfanonin waya ma ba su naɗe hannu ba. A 2025 MTN ya sanar da haɗa gwiwa da Synamedia na Birtaniya don gina nasa dandalin kallo, kuma abin da irin waɗannan kamfanoni suke da shi wanda babu mai shi sai su shi ne ikon cewa kallon dandali kaza ba zai ci data ba. Wannan tayi yana da daɗin ji ga mai ƙaramin ƙarfi, amma ma'anarsa ita ce kamfanin waya ne zai zaɓa maka abin kallo, domin duk abin da ba ya cikin ƙawancen ya zama mai tsada. Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan'adam, shi ma ya shigo da wani sabon lissafi: Chadi ta ba shi lasisi a Nuwamban 2024, alhali a Afrilun shekarar Kamaru ta umarci jami'an kwastan su kama na'urorinsa. Gida biyu da kogin Logon kawai ya raba suna iya samun kansu a ƙarƙashin dokoki biyu masu karo da juna. A gefe guda kuma ga ƙananan akwatunan nan marasa suna da ake sayarwa da alkawarin tashoshi dubu, waɗanda tsadar halal ce take raya kasuwarsu. Ban da kasancewarsu satar haƙƙi, suna ɗaukewa a tsakiyar wasa babu wanda za a kai wa ƙara, kuma a 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗin cewa da yawa daga irinsu suna zuwa da muguwar manhaja a ciki tun daga masana'anta.

Abin da ya fi ci mini rai a duk wannan lissafi shi ne matsayin harsunanmu. Mai kallon Hausa a Garwa ko unguwannin Njamena ba sabon abu ba ne, tun zamanin kaset yake sayen finafinan Kano, ya koma faifai, yanzu kuma yana zuwa wurin masu tura finafinai a bakin kasuwa, ya miƙa katin wayarsa ko filas, a cika masa da 'yan canji. Wannan ita ce hanyar da ta fi kowace isa ga jama'a, saboda ba ta buƙatar data ko katin banki, sai dai wanda ya kashe kuɗinsa ya shirya fim ɗin ba ya ganin ko sisi daga cikinta. Masu shirya finafinan Hausa da yawa sun koma YouTube da shirye-shirye masu dogon zango, inda dandalin yake ba mai tasha kashi 55 cikin ɗari na kuɗin talla, amma darajar tallar tana bin ƙasar da mai kallo yake, kuma kallo dubu daga Marwa ba ya kawo abin da kallo dubu daga Faransa yake kawowa. Jiran manyan dandamalin waje su zo su ɗauki nauyi kuwa ba dabara ba ce: a Janairun 2024 Amazon ya janye daga ɗaukar nauyin sababbin shirye-shirye a Afirka kudu da Sahara, bayan ɗan lokaci kaɗan da shigowarsa da alkawura. Abin da ya tsaya da ƙafarsa shi ne wanda aka gina don masu harshen tun farko, kamar Arewa24 da ta fara watsa shirye-shirye kyauta ta tauraron ɗan'adam a 2014.

Duk da haka haɗewar Canal+ da MultiChoice ta buɗe wata dama da ya kamata a kama. Canal+ ya riga ya nuna cewa ya san darajar harsunan gida, tunda yana da Sunu Yeuf ta Wolof, da Maboke TV ta Lingala, da Pulaagu ta Fulatanci. MultiChoice kuma shi ne mai Africa Magic Hausa. Yanzu da suka zama gida ɗaya, babu sauran wani shinge na mallaka tsakanin wannan tasha da mai dekoda a Marwa ko Sar, kuma babu dalilin da zai sa a ci gaba da lissafa masu kallon Hausa a matsayin kasuwar Najeriya kaɗai, alhali suna nan a Nijar da Kamaru da Chadi har Sudan. Masu shirya finafinai na wannan yanki, na Hausa da na Fulfulde da na Larabcin Chadi, suna da hujjar da za su shiga ciniki da ita, muddin suka je a ƙungiyance, kuma suka ƙi sayar da haƙƙin aikinsu na har abada a kan kuɗin da za a ba su sau ɗaya.

Sauran aikin na hukumomi ne. Afirka ta Kudu ba ta amince da cinikin MultiChoice hannu rabbana ba, sai da kotun kula da gasar kasuwanci ta ƙasar ta gindaya sharuɗɗa a Yulin 2025, ciki har da kare ayyukan ma'aikata na shekara uku da ci gaba da kashe kuɗi a kan shirye-shiryen cikin gida. Mu ma muna da masu wannan iko: hukumomin kula da sadarwa da kafofin watsa labarai, wato ART da CNC a Kamaru, ARCEP da HAMA a Chadi. Kamaru ta riga ta nuna cewa tana iya kaiwa ga dandamalin waje, tunda dokar kasafin kuɗin 2020 ta ɗora musu harajin sayen kaya da ayyuka, wato TVA, na kashi 19.25 cikin ɗari, kuma an ga abin da ya biyo bayan Afrilun 2023, lokacin da masu amfani da waya suka riƙa rufe layukansu da tsakar rana don nuna fushi a kan tsada da rashin ingancin sadarwa, har ART ta ci kamfanoni huɗu tarar sefa biliyan 6 a watan da ya biyo. Hukumar da ta iya karɓar haraji da tara tana iya sa sharaɗi a lokacin ba da lasisi ko sabunta shi: a bayyana farashi da sefa, a karɓi kuɗi ta waya, a samar da ƙunshin mako ga wanda ba ya iya biyan na wata, a bar mai kallo ya sauke fim da dare lokacin da data ta fi araha ya kalla daga baya, a ajiye rumbunan bidiyo a arewa, a kuma ware wani kaso na kuɗin shirye-shirye ga ayyukan da aka yi a nan cikin Hausa da Fulfulde da Kanuri da Larabcin Chadi da Ngambai.